Greensboro: Hukumar makarantu na haɗa buƙatunta kafin zaman majalisar jiha

A Greensboro, birnin jihar North Carolina ta Amurka inda ƴan Nijar da dama suka zauna da iyalansu, kuɗin makarantar da ƴaƴansu ke zuwa a Raleigh, babban birnin jihar, ake yanke yawancinsa.

Hukumar makarantun gundumar Guilford zaɓaɓɓiya ce, amma ba ta da ikon sanya haraji. Mafi yawan albashin malamai daga jiha yake fitowa, na gine-gine kuwa sai ta roƙi gunduma. Shi ya sa kafin dogon zaman majalisa, wanda ake buɗewa a Janairu duk bayan shekara biyu, mambobinta ke tsara buƙatunsu su kai wa ƴan majalisa.

Batun da ya fi zafi shi ne tallafin Opportunity Scholarship. A 2023 majalisar ta buɗe shi ga kowane gida, har masu hali, don biyan makarantu masu zaman kansu. Da yake da yawan ɗalibai ake lissafa kason jiha, duk yaron da ya fita, kuɗi ya ragu.

Baƙon da bai zama ɗan ƙasa ba ba ya zaɓe, amma zaman hukumar a buɗe yake, kuma ana ba iyaye damar magana.