Lissafin Kuɗin Mota a Malanville

Malanville gari ne na kasuwa a arewacin Jamhuriyar Benin, a bakin Kogin Kwara. Gada ce ta haɗa shi da Gaya ta ƙasar Nijar. Dandanci ne harshen 'yan gari, amma a tasha da kasuwa Hausa ake ji ko'ina. Baƙon da ya zo daga Kano zai fahimci duk abin da direba ya faɗa, sai an zo maganar kuɗi sannan zai rikice.

Dalili shi ne, kuɗin ƙasar sefa ne, kuma Hausawan wannan yanki ba sa ƙirga shi da tamma ɗaya-ɗaya. Da dala suke ƙirgawa, dala ɗaya kuwa tamma 5 ce. Saboda haka ƙwandalar da aka rubuta 100 a jikinta, dala ashirin ce a bakin direba. Ta 250 dala hamsin ce, 500 kuma dala ɗari. Takardar 1,000 ita ce jika. Wato abin da ido ya karanta sai an raba shi gida biyar kafin baki ya faɗa. Sau da yawa ma ba a ambaton kalmar dala. Idan ɗan kabu-kabu, wato mai haya da babur, ya ce "ɗari za ka ba ni", 500 yake nufi. Wanda ya miƙa masa ƙwandalar 100 ya biya kashi ɗaya cikin biyar ne kawai, kuma daga nan gardama take tashi.

Akwai abin lura game da jika. A Nijeriya jaka ɗaya naira 200 ce, a nan kuma dala 200. Adadin bai sauya ba, abin da ake ƙirgawa ne ya bambanta.

Motar haya mai zuwa Kandi ko Parakou ba ta da na'urar auna tafiya. Wurin zama ake saya, kuma mota ba ta tashi sai ta cika. Fasinja biyu sukan zauna a gaba kusa da direba, wanda yake son sakewa sai ya biya kuɗin mutum biyu. Kaya kuma cinikinsu daban, buhun albasa ko na shinkafa ba ya hawa kyauta. Wanda ya ɗauki shata ya biya kuɗin kujeru duka. A tasha ɗan kamasho ne yake tara kuɗin kafin a tashi, ya cire ladansa, ya damƙa wa direba saura. Daga ciki direba zai ware na mai, da na mai mota idan ba tasa ba ce, da abin da shingayen hanya za su ci. Fasinjan da aka tsinta a hanya shi ne ribar da ya fi so, don babu kamasho a kansa.

Canji ma wata wahala ce. Mai hankali yakan faɗa tun kafin ya hau cewa takardar jika biyar ce a hannunsa.

Abubuwa biyu sun dagula lissafin a 2023. A watan Mayu Nijeriya ta janye tallafin man fetur, man da ake sayarwa a kwalabe a bakin titi, wanda daga can ake shigo da shi, ya yi tsada. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli a Nijar kuma aka rufe gada. Benin ta buɗe ɓangarenta a Fabrairu 2024, Nijar ta bar nata a rufe. Sai tafiyar Gaya ta kasu uku: babur zuwa bakin ruwa, kwale-kwale zuwa tsallake, sannan wani babur ɗin, kowanne da nasa ciniki a dala.