Ina kififiya take zuwa idan kududdufi ya ƙafe?

Ga rubutaccen shirin wannan makon, saboda waɗanda data ba ta bar su sun saurara ba.

Duk wanda ya tashi kusa da kududdufi ya san abin nan. Da damina ka ga kififiya ta leƙo da kai saman ruwa, da rani kuwa wajen ya bushe ƙayau, ƙasa ta tsattsage, babu ita babu alamarta. To ina ta shiga?

Tana nan ƙarƙashin ƙafarka. Idan ruwa ya fara janyewa, sai ta tona laka tun da sauran danshi, ta binne kanta. Numfashinta ya ragu, jikinta ya rage aiki, ba ci ba sha, wata da watanni har ruwan farko ya sauka. Gaiwa ma haka take yi, masunta sun sani. Wasu kuma ba sa tsayawa, da damina sukan taka a ƙasa su koma wani tafkin, shi ya sa ake tsintar su a tsakiyar titi.

Wadda aka fi gani a tafkunanmu, masana na kiranta Pelomedusa. Ka lura da ita: ba ta janye wuya ciki kai tsaye kamar kunkurun tudu, lanƙwasa shi take yi gefe guda. Kuma in ka ɗauke ta za ta sakar maka wani wari da sai ka yar da ita da kanka. Makaminta ke nan.

Abinci kuwa ba ta zaɓe. Ƙwari, talibambam, katantanwa, ƙananan kifi, har mushe. A kudancin Afirka an ga suna cire wa mugun dawa kaska yana kwance a ruwa, an kuma ga sun yi taron dangi sun ja kurciya da ta zo shan ruwa. Ni dai tun da na ji wannan na daina yi mata kallon saliha.

Amma ga inda matsalar take. Ruwa kaɗai bai ishe ta ba. Ƙwai a tudu take sa shi, ta haƙa rami da ƙafafun baya ta rufe, rana ta ƙyanƙyashe mata, in guza bai riga ya tone ba. Wato tana buƙatar ruwan, da lakar, da gaɓar, duka ukun. A birni irin Kano, ana ta cike kududdufai da shara a yi gini a kai. Idan aka cike shi da rani, su na ƙasa suna barci, ba za su ƙara fitowa ba. Masu haƙar ƙasar bulo ma sukan tono su.

In ka ga ɗaya a titi, ɗauke ta ka ajiye a gefen da ta nufa, kar ka mayar da ita baya, don za ta sake tsallakowa. Ka wanke hannu da sabulu bayan nan.

Me ake kiranta a garinku? Ku faɗa mana a ƙasa. Sai mako na gaba.