Ko Ka Sani? Gwiwar Ƙarfe Ba Ta Kumbura, Naman da Ke Kewaye da Ita Ne Ke Yi

Ko ka san cewa tun a shekarar 1890 aka gwada sa wa ɗan Adam gwiwar da ba tasa ba, kuma da hauren giwa aka sassaƙa ta? Wani likitan fiɗa ne a birnin Balin na Jamus, Themistocles Gluck, ya yi wannan ƙarfin hali. Aikin bai ɗore ba, don a lokacin babu maganin kashe ƙwayoyin cuta, wurin yakan yi ta ruwa har a ciro abin da aka sa. Sai a 1962 John Charnley na Ingila ya dace da wata roba mai tauri da santsi ga masu ciwon ƙugu, a 1974 kuma John Insall da abokan aikinsa a Amurka suka fito da samfurin gwiwar da yawancin na yau suka gada.

Mutane da yawa sun ɗauka ana cire gwiwar ne ɗungurungum a sa sabuwa. Ba haka ba ne. Abin da ya lalace shi ne guringuntsin da ke hana ƙashi gugar ƙashi, wanda shekaru ko amosanin gaɓɓai ko tsohon rauni suka cinye. Likita yana shafte bakin ƙashin cinya da na ƙauri, kaurin kusan santimita ɗaya, ya sa wa na cinyar hular ƙarfe mai sheƙi, ya kafa wa na ƙaurin faranti, sannan ya cusa robar nan a tsakani. Galibi da wani siminti na musamman ake manne su, wanda ke daskarewa cikin ƴan mintuna. Duka kayan wajen rabin kilo ne, aikin kuma awa ɗaya zuwa biyu.

Wannan na'ura ba ta da inji. Ba ta iya lanƙwasa kanta, ba ta iya miƙe kanta. Tsokar cinyar mutum ce ke jan ta, jijiyoyin gefe da likita ya bari su ke riƙe ta, kuma naman da ke kewaye da ita ne aka yanka, aka ja, aka ɗinke. Shi ya sa duk kumburin da ake gani da ƙagewar da ake ji daga nama suke. Jiki yana tura jini da ruwa wurin da aka taɓa don ya gyara shi, ruwan ya taru a jakar gaɓar. Kumburin kan ɗauki wata uku zuwa shida, wani har shekara, ya sauka da safe ya dawo da yamma. Gwiwar takan fi ɗayar ɗumi na tsawon watanni. Fatar gefen waje na tabon takan yi dindiris, saboda an ratsa wata siririyar jijiya. Wani lokaci a ji ƙas-ƙas idan ƙarfe ya taɓa roba. Duk waɗannan ba alamar aiki ya ɓaci ba ne. Illar ruwan ita ce, ko kaɗan ne ya taru, yana sa tsokar cinya ta yi sanyi ta ƙi amsa kira, tsokar da ta yi sanyi kuwa ba ta kora ruwa, sai abin ya yi ta zagaye.

A nan ne maganar ta shafi mutanen jihar Diffa kai tsaye. Likitoci da digiri suke auna lanƙwasar gwiwa: a miƙe sifili, zaman kujera 90. Tafiya a fili tana buƙatar kimanin 65, hawa da saukar matakala 90 zuwa 100, tashi daga kujera kusan haka ko ɗan fiye. Yawancin waɗanda aka yi wa aikin suna tsayawa tsakanin 110 da 125, kuma a ƙasashen da aka ƙera na'urar wannan ya wadatar, tunda a kujera ake ci, a gado ake kwana, a zaune ake bayan gida. To amma tsuguno sosai, ko zaman tahiya inda mutum ke ɗora nauyinsa a kan ƙafa, yana neman 150 ko fiye. Dubi yinin manomin tattasai a bakin kogin Komadugu, ko a Gueskerou ko a Chetimari: dashe a tsugune, gyaran kwalbatin ruwa a durƙushe, tsinka a sunkuye, shanya a ƙasa, hira a tabarma, tuwo a ƙasa, masai na tsuguno, ga salloli biyar. Uwar gida kuwa tana gaban murhu a kan kujera ƴar tsuguno. Rayuwa ce ta ƙasa-ƙasa. Don haka dattijon da likita ya ce aikinsa ya yi kyau ƙwarai yana iya dawowa gida ya ji kamar an cuce shi.

A ganina wannan magana kafin fiɗa ya kamata a yi ta, ɓaro-ɓaro, a gaban iyali. Gwiwar ƙarfe an yi ta ne don ta raba mutum da azabar ciwo ta mayar masa da tafiya, ba ta yi alkawarin mayar da tsugunon samartaka ba. Gwargwadon yadda gwiwa ke lanƙwasuwa kafin aiki, shi ne babban abin da ke nuna inda za ta kai bayansa, wanda ya jinkirta har ta sanƙare ya rage wa kansa rabo. A tanadi kujera mai tsayi, a ɗaga gado, a sa kafinta ya yi kujerar masai mai rami. Sallar zaune ga mai lalura kuwa addini ya yi rangwame a kanta, bai kamata kunyar sahu ta sa dattijo ya tilasta wa ƙafarsa abin da ba za ta iya ba.

Ga kuma nisa. Mutumin Diffa da ke buƙatar wannan aiki tafiya ce a gabansa: ko Yamai, mai nisan sama da kilomita 1,300 ta Maine-Soroa da Gure da Damagaram da Maraɗi, ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, masu hali kuma Masar ko Tunisiya ko Indiya. Kuɗin masauki kan sa a gaggauta dawowa da zarar an cire ɗinki. Sai mutum ya wuni ya kwana a kujerar bas, ƙafa a rataye, ya iso gida ta yi suntum, ƴan uwa su shimfiɗa masa katifa, su tura matashi ƙarƙashin gwiwar, su ce kada ya motsa. Tausayi ne, amma cutarwa ce. A makonnin farko jiki ke saƙa tabo a cikin gaɓar, idan ba a motsa ta ba tabon ya kama ta a inda ya same ta. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwasa shi. Idan an kai mako shida gwiwa ba ta kai 90 ba, a koma wa likita, akwai dabarar sa mutum barci a lanƙwasa ta da hannu don tabon ya saki, kuma ta fi amfani a cikin wata ukun farko. Wanda zai iya, ya zauna kusa da masu motsa gaɓɓai na asibiti har ya wuce waɗannan makonni. Wanda dole ya taho, ya raba tafiyar, ya sauka ya taka duk inda mota ta tsaya, ya sha maganin hana daskarewar jini yadda aka rubuta masa.

Abin da za a yi a gida ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. A kwanta a ɗaga ƙafar gaba ɗaya har ta fi ƙirji tudu, matashin a ƙarƙashin sharaɓa da diddige, ba a ƙarƙashin gwiwa ba. A yi ta kaɗa idon sawu sama da ƙasa, don sharaɓa ce ke tura jini ya koma sama. A naɗe ƙanƙarar leda a tsumma a ɗora minti 15 zuwa 20, ba a kan fata tsirara ba, musamman da yake wani gefen ba ya jin zafi balle ya yi gargaɗi. A zauna a kujera a riƙa jan diddige baya a hankali, sau da yawa a yini, kaɗan-kaɗan. Miƙewa ma aiki ce, gwiwar da ba ta miƙe sarai ba ɗingishi take sawa. Idan kumburi ya ƙaru washegari, an wuce gona da iri jiya, a rage amma kada a daina. Akwai na'urar da ke lanƙwasa ƙafa da kanta, wadda Robert Salter na Kanada ya ƙirƙiro, sai dai bitar bincike da ƙungiyar Cochrane ta fitar a 2014 ta nuna amfaninta bayan wannan aiki bai taka kara ya karya ba. Wanda bai same ta ba bai yi asarar komai ba.

Abu ɗaya ne nake roƙo da babbar murya: kada a kai wannan gwiwa wurin wanzami ko maɗori. Sun san aikinsu a kan ƙashi da nama, amma nan akwai ƙarfe. Ƙarfe ba shi da jini, saboda haka garkuwar jiki da magani ba sa isa jikinsa yadda ya kamata. Ƙwayar cutar da ta shiga ta ƙaho ko tsaga ko sakiya tana iya lafewa a kansa ta yi wa kanta rufi, ƙarshenta sai an sake buɗewa an ciro na'urar baki ɗaya. Haka allurar mai kemis a cikin gaɓar. Mai ciwon sukari ya ninka kula.

Binciken da mujallar Lancet ta buga a 2019 ya nuna kimanin kashi 82 cikin 100 na irin wannan gwiwa suna kai shekara 25 suna aiki, ko da yake kusan mutum ɗaya cikin biyar yakan ci gaba da jin wani ciwo. Kumburin da ba a jira da shi kuwa daban yake: zazzaɓi, ja da zafi da ke ƙaruwa, ruwa ko mugunya daga tabon, ciwon da ya taso bayan an samu sauƙi, sharaɓa ta kumbura ta yi tauri tana zogi. Idan numfashi ya sarƙe ko ƙirji ya riƙe, jini ne mai yiwuwa ya daskare ya haura huhu. Wannan ba a jiran motar Yamai, asibitin jihar Diffa ko mafi kusa za a nufa a ranar.