Dandalin fasaha a Bagudo: a fara da takardar fili

Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, saboda waɗanda datarsu ba ta kai su saurari murya ba. Yau gida na koma, Bagudo, can yammacin jihar Kebbi inda Najeriya ta yi iyaka da Jamhuriyar Benin, kuma maganar da nake tafe da ita ta dandalin fasaha ce.

Bari in fara da ma'anar abin. A wasu ƙasashe za ka tarar ƙaramin gari ya ware fili guda, an dasa itatuwa, an yi ɗan dakali na masu wasa, an sa kujeru, an bar bango ga masu zane. Makaɗi ya zo ya yi kiɗa, 'yan makaranta su yi wasan kwaikwayo, masu sana'ar hannu su baje kaya. Ba a biyan kuɗin shiga, ko a biya ɗan kaɗan. Filin na gari ne, ba na wani attajiri ba. A Legas akwai irinsa, Freedom Park, tsohon gidan yarin Turawan mulkin mallaka ne da aka mayar wurin fasaha a 2010.

To amma fa mu ba baƙi ba ne ga wannan abu. Ku tambayi iyayenku mene ne dandali. Fili ne a tsakiyar gari, sau da yawa kusa da ƙofar gidan sarki ko hakimi. In an yi farin wata 'yan mata su fito gaɗa, mai kalangu na biye da su. Bayan kaka, an kai amfanin gona gida, samari su sa ranar kokawa, a gayyato ƙauyukan kewaye. In azumi ya kwana goma yara su fito tashe. Kuma ba kara zube ake yi ba: akwai sarkin samari mai kula da tsari, shi ne ma ke tara mutane ranar gayya a gonar wani. Nan yaro ke koyon waƙa da kirari da magana gaban jama'a, nan yake sanin wa ya girme shi. Makaranta ce ba allo.

Abu ɗaya ne dandali bai taɓa samu ba: takarda. Kowa ya san na gari ne, don haka ba wanda ya ga dalilin rubutawa. Da gari ya fara faɗi, fili ya yi daraja, sai ka wayi gari ka ga an kafa turaku an yanka fulotai, ko an jera shaguna. Wa zai kai ƙara? Da wace shaida? Haka filaye da dama suka salwance a garuruwan Arewa, ba da faɗa ba, a hankali. Yau in matasa na son wasan kwaikwayo ko gasar waƙa sai su roƙi filin firamare, in shugaban makaranta ya ga dama.

Me ya sa na ce Bagudo ta fi wasu wurare buƙata? Ku dubi yadda ƙasar take. Kogin Kwara ya ratsa ta. Ga Illo, tsohon gari mai tarihin fatauci. Ga Tsamiya, in ka tsallaka kana kan hanyar Segbana ta Benin. Ga Lolo da ke fuskantar ɓangaren Malanbil. Ga Ka'oje, ga Zagga. A kasuwa ɗaya za ka ji Hausa da Fulatanci da Zabarmanci da Dandanci, ka ga ana cinikin naira da sefa. Akwai kuma Kyangawa, waɗanda yawancin 'ya'yansu yanzu Hausa suke ji, harshen kakanninsu na hannun tsofaffi. In tsoho ɗaya ya rasu, waƙoƙi da tatsuniyoyi nawa suka bi shi? Wayar da ke aljihunka ta isa ta naɗi muryarsa, amma sai da wurin da za a zauna a saurare shi, yara na kusa.

Sai batun abin yi. Matashin bakin iyaka, bayan noman shinkafa da albasa da kamun kifi, kan iyakar ce kasuwarsa: acaɓa, dakon kaya, canjin kuɗi, da fetur da ake tsallakawa da shi a jarka, mu faɗi gaskiya. A watan Agustan 2019 gwamnatin tarayya ta rufe iyakokin ƙasa, a Nuwamba ta hana kai fetur gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka cire tallafin mai, ribar jarka ta ragu sosai. Ba cewa nake dandali zai maye gurbin wannan kuɗin ba, ƙarya ne in na faɗa. Abin da nake cewa shi ne, saurayi mai shekara 19 da ba shi da inda za shi daga la'asar zuwa isha, akwai masu jiran sa: mai sayar da ƙwaya na jira, ɗan siyasa mai neman 'yan banga na jira. Kuma mai saƙar tabarma ko mai sassaƙar ƙwarya da ya samu rumfa a wurin da mutane ke taruwa duk mako ya samu kasuwa.

Wani zai ce ai muna da Argungu. Gaskiya ne, abin alfaharinmu ne. Tun 1934 ake bikin kamun kifi a Matan Fada, UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016, ga gidan tarihi na Kanta. Amma biki na 'yan kwanaki ne, kuma mun ga yadda ya tsaya wajen shekara goma kafin a dawo da shi a 2020. Biki na jiran kasafin gwamnati. Dandali kuwa na kowace Juma'a ne, na yaron da ba shi da kuɗin motar zuwa Argungu.

Misalin da ya fi burge ni na maƙwabtanmu ne na Nijar. Tun 1975 da aka fara a Tawa suke gasar kokawa ta ƙasa, wadda ake ba zakara takobi, tana zagaya jihohi. Saboda haka manyan biranen jihohinsu ke da filin kokawa ginanne, sananne, wanda ba wanda zai wayi gari ya yanka. Isaka Isaka na Doso, da ya ɗauki takobi sau da dama, daga irin wannan tsari ya fito. Kokawar nan fa tamu ce mu ma, iri ɗaya. Su sun ba ta mazauni.

Yanzu ga inda nake son ku buɗe kunne. Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya lissafa ayyukan ƙaramar hukuma, kuma a ciki akwai ginawa da kula da wuraren shaƙatawa da lambuna da filayen jama'a. Wato ba alfarma ba ce, aikinsu ne kamar kwata da kasuwa. Dokar filaye ta 1978 ta sa filayen birni a hannun gwamna, ta kuma ba ƙaramar hukuma ikon ba da izinin mallaka na gargajiya a wuraren da ba a ayyana su birni ba. Sannan ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Ko ana bin hukuncin yadda ya kamata, wannan shirin wata rana ne. Amma matashin da zai shiga ofishin ciyaman da wannan bayani a hannu ba roƙo ya je yi ba.

Ni dai ba na goyon bayan a fara da neman gini. Gini kwangila ne, kuma kun san labarin kwangila: a yi harsashi, a ɗauki hoto, ciyawa ta cinye. A fara da fili. A je wurin hakimi da dattawa a nuna wuri, a auna, a kafa duwatsun iyaka, a rubuta da sunan al'umma, a ajiye kwafi a wuri fiye da ɗaya. Dogon yaro da mangwaro matasa na iya dasawa da damina ba ko sisin gwamnati. Fitilar sola biyu ko uku da makewayi, ƙungiyar 'yan asalin gari mazauna Birnin Kebbi da Abuja na iya haɗawa.

Kuma a tafi da malamai tun ranar farko. A 2016 gwamnatin tarayya ta shirya gina ƙauyen fim a Kofa ta jihar Kano, malamai da jama'a suka yi ca, aka janye. Duk ra'ayinka kan wannan rigima, ta nuna abin da ke faruwa in mutane suka ji labarin aiki a rediyo kafin a zauna da su. Tsoron iyaye na cakuɗuwar maza da mata da shaye-shaye ba shirme ba ne. A amsa shi a cikin tsari: a tashi kafin dare ya yi, a ware ranar mata su kaɗai da matan gari ke jagoranta, a sa musabaƙar Alƙur'ani da kacici-kacicin makarantu a filin da ake kokawa. Limami da sarkin samari da shugabar mata su zauna a kwamiti ɗaya, sunayensu na jikin takardar.

In a garinku akwai tsohon dandalin da har yanzu ba a taɓa ba, ku je wannan makon ku tambayi mai unguwa ko yana da takarda, ku faɗa mana amsar da ya ba ku.