Zaɓen Malaman da Za Su Rubuta Wasiƙar Shaida ga Jami'o'in Amurka

Wasiƙar shaida takarda ce da malami yake aika wa jami'a kai tsaye domin ya bayyana hali da hazaƙar ɗalibinsa, kuma tana cikin abubuwan da manyan jami'o'in Amurka suke dubawa kafin su ba da gurbin digiri na farko. Ɗalibin da ya saba da tsarin Najeriya, inda makin JAMB da sakamakon WAEC ko NECO suke raba gardama, yakan yi wa wannan wasiƙa riƙon sakainar kashi har sai lokaci ya ƙure. Akasarin masu nema suna bi ne ta Common App, wato fom guda da aka ƙirƙiro a 1975 wanda jami'o'i sama da 1,000 suke karɓa, kuma jami'o'in da ake rububinsu sukan nemi wasiƙa biyu daga malaman aji, da ta uku daga jami'in ba da shawara na makaranta, ko da yake rukunin Jami'ar Kalifoniya ba ya neman ko ɗaya a lokacin cike fom.

Sani shi ne ma'aunin zaɓe, ba muƙami ba. An fi son malamin da ya koyar da ɗalibi a aji na 11, daidai da SS2, domin ya shekara cur tare da shi kuma bai daɗe da rabuwa da aikinsa ba, sannan ya kasance malamin babban darasi ne kamar lissafi ko kimiyya ko Turanci ko tarihi. Cibiyar fasaha ta MIT ma ta fayyace cewa wasiƙa ɗaya ta fito daga malamin lissafi ko kimiyya, ɗayar kuma daga malamin adabi ko harshe ko ilimin zamantakewa, saboda tana son ganin ɗalibi ta fuska biyu.

Sau da yawa malamin da ya ba da maki mafi yawa ba shi ne ya fi dacewa ba, tunda makin yana nan a takardar sakamako, kuma maimaita shi ba ya ƙara komai. Wanda ake nema shi ne mai iya bayar da labarin ɗalibar da ta faɗi gwajin farko na fiziks, ta riƙa zuwa ofishin malamai bayan an tashi da littafinta cike da jan biro, har zuwa zango na uku ta zama ita ke tsayawa gaban allo tana warware wa 'yan ajinsu lissafi. Irin wannan shaida ta fi wasiƙar sanata ko basarake da bai taɓa ganin rubutun yaro ba, duk da cewa iyaye da yawa sun fi amincewa da hatimin manya, kuma masu tantancewa suna gane yabon da aka yi a makance tun daga layin farko.

Akwai kuma batun sirri. Dokar FERPA ta 1974 ta ba ɗalibi damar ganin bayanansa a jami'ar da ya shiga, amma fom ɗin yana tambayarsa ko ya yafe wannan dama game da wasiƙun, kuma yafewar ita ce ta fi, domin ana ɗaukar wasiƙar da ɗalibi bai gani ba a matsayin mafi gaskiya.

Wa'adin neman farko yakan faɗo 1 ko 15 ga Nuwamba, na gama-gari kuma farkon Janairu, don haka ya kamata ɗalibi ya tunkari malami ido da ido tun ƙarshen SS2, ya tambaye shi ko zai iya rubuta wasiƙa mai ƙarfi, idan ya ga yana jan ƙafa ya nemi wani ba tare da ɓacin rai ba. Malamin ne da kansa zai ɗora wasiƙar a intanet ta saƙon da za a tura masa, saboda haka wajibi ne a tabbatar yana da imel da yake buɗewa kafin a sa sunansa a fom.