Mai Lasin Mota, Ko Sai Ya Sake Jarrabawa Kafin Ya Hau Babur?

Duk wanda ya tsaya a mararrabar Jere, cikin ƙaramar hukumar Kagarko ta Jihar Kaduna, zai ga manyan tireloli na hanyar Kaduna zuwa Abuja suna wucewa, ga kuma babura suna kutsawa tsakaninsu, waɗansu ɗauke da buhunan citta daga wajen Kwoi da Kafanchan, waɗansu da fasinjojin tashar jirgin ƙasa wadda aka buɗe a 2016. Cikin mahayan nan akwai tsofaffin direbobi waɗanda tsadar mai ta sa suka jingine mota. Su kan ce tun da suna da lasin, ai ba sauran wata jarrabawa a kansu.

To, amma doka ba ta ce haka ba. A Nijeriya lasin tuƙi aji-aji ne. Ajin A na babur ne, ajin B kuwa na ƙananan motoci. Mai ajin B kaɗai, in ya hau babur, ya tuƙa abin da takardarsa ba ta ba shi izni ba. Jami'an duba motoci na jiha su ne ke gwada mai neman lasin, sa'an nan Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Tarayya, wadda aka kafa a 1988, ta buga katin.

Hujjar direbobin ita ce alamomin hanya ɗaya ne, ja tsayawa ne ga kowa. Wannan gaskiya ne. Sai dai kama da wane ba wane ba ne. Birkin mota feda guda ne, na babur kuwa biyu ne, na gaba a hannun dama, na baya a ƙafar dama. Na gaba ya fi ƙarfi, wanda ya damƙe shi farat ɗaya a kan yashi ko kwalta mai laima, ƙasa zai sha. Mota tana shan kwana da sitiyari, babur sai mahayi ya karkata jikinsa. Buhu biyu a baya su kan sauya nauyin babur ɗungum. Har ila yau, direban tirela ba ya ganin babur da ya raɓe shi ta gefe, ko a madubi. Duk waɗannan ba a tambayar mai neman lasin mota.

A Ingila, inda aka soma jarrabawar rubutu ta tuƙi a 1996, mai lasin mota sai ya ci wata jarrabawar ta daban kafin a ba shi cikakken lasin babur.

Nan gida an riga an ga abin da doka ke zama in ba a haɗa ta da ilmi ba. Sa'ad da aka tilasta sa hular kwano a farkon 2009, waɗansu mahaya ƙwarya suka kifa a ka don gudun kamu.

Saboda haka ya kamata direban da ya koma babur ya je a tambaye shi, a ba shi ajin A. Hukuma kuma ta yi tambayoyin da Hausa da sauran harsunan yankin, da baki ga wanda bai iya karatu ba, a wuri kusa, domin kada tafiya Kaduna ta hana mutumin Jere neman takardarsa.