Abin da aka yar a juji: suna da aikin hannu a Tasawa da Mayahi

A ƙasar Tasawa da Mayahi, cikin jahar Maraɗi, ran kwana bakwai da haihuwa ake raɗa wa jariri suna. Liman ya yi addu'a, a yanka rago, a raba goro, wanzami ya yi aski. Amma bayan sunan yanka akwai sunan gida, wanda shi ke faɗin labarin haihuwar. Ɗan Juma da Jummai ran Jumma'a suka zo, Ladi ran Lahadi. Nomau lokacin noma aka haife shi, Gambo kuwa shi ke bin tagwaye. Wannan al'ada ba ta Hausawa kaɗai ba ce: a Gana, Kwame Nkrumah sunan Asabar gare shi, Kofi Annan na Jumma'a.

Sunan da ya fi ban tausayi shi ne Ajuji. Matar da ƴaƴanta ke rasuwa, wadda ake ce wa mai wabi, idan ta sake haihuwa sai a aza jinjirin bisa juji kamar ba a son shi, sa'an nan a ɗauko shi, da fatan ya rayu.

Wannan hikima ta ɗauko abin da aka yar tana nan ga masu sana'a. A kasuwanni ana narka gwangwani a zuba tukunya, ana yanka tsohuwar taya a yi takalmi, robar cikinta kuma ta zama wasaki. Yara na ƙera motoci da waya da kara.

Wasu sun kai aikin nesa. El Anatsui, ɗan Gana, wanda ya fara koyarwa a jami'ar Nsukka ta Najeriya a 1975, ya ɗinke dubban murafen kwalabe da waya suka zama kamar manyan zannuwa. A 2015 birnin Banis na Italiya ya ba shi lambar girma. Romuald Hazoumè na Benin kuwa, da tsofaffin jarkokin mai yake siffanta fuskoki.

Hausawa na cewa suna linzami ne. Takardar haihuwa sunan yanka ta fi ɗauka, na gida kuwa sai ya bi tsofaffi kushewa. Waɗanda suka yi yaƙi da jahilci alƙalami na hannunsu: ya kamata su tambayi dattawa, su rubuta sunayen garinsu da ma'anarsu, tun masu sani suna da rai.